Akwatin Ƙwari na Ɗan Makaranta: Jagora ga Iyayen Zongon Kumasi

Yaro ya dawo daga makaranta da la'asar, ya jefar da jaka a bakin ƙofa, ya ce, "Mma, Ticha ya ce kowa ya kawo ƙwari iri goma nan da mako uku."

Uwar tana zaune da faranti a cinya tana tsince waken waakye na gobe. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ƙwari kuma? Duk wahalar da muke sha a kan karatunka, ashe kamun kyankyaso ake koya muku?"

Ana jin irin wannan amsa a gidaje da yawa, daga Aboabo zuwa Sabon Zongo, daga Asawase zuwa Sawaba. Abin da uwar ba ta lura da shi ba, na farko cikin goman nan yana tafe a gefen farantin da ke cinyarta.

Wannan takarda ta iyaye ce da yayye da kakanni, da duk wanda yaro zai rugo wurinsa da irin wannan saƙo. Za ta bayyana dalilin aikin, da inda ake samun ƙwarin, da yadda ake kama su ba tare da an ji ciwo ba, da yadda ake adana su har su isa gaban malami lafiya. Kayan da za a ambata duk ana samunsu a gida, ko a kasuwar Asawase da ta Kejetia da 'yan sidi kaɗan.

Me ya sa malami ya ba da wannan aiki?

Manhajar kimiyya ta ƙananan sakandare a Gana ta tanadi darussa a kan rayuwar ƙuda da sauro da fara, tun daga ƙwai har su girma. Wannan ya haɗa da makarantun Turanci da Arabiyya da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987. Malami yana iya zana fara a allo sau goma, amma gani ya kori ji. Yaron da ya riƙe ta a hannu ya ƙirga ƙafafunta ba zai sake mantawa ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi cin jarrabawa. Arzikin ƙasar Asante a hannun ƙwari yake, ta alheri da ta sharri. A ɗauki koko, wato na cakulan, ba na shan ƙosai ba. Furensa ƙanƙane ne, a jikin kututture yake fitowa, kuma ƙudan zuma ba su cika kula shi ba. Wani ɗan mitsitsin ƙuda da bai wuce milimita biyu ko uku ba shi ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan. A ruɓaɓɓen ganye da ɓawon koko yake hayayyafa. In babu shi, bishiya sai ta yi fure ta zubar.

Wani ƙwaron kuma, wanda manoma ke kira akate da yaren Twi, yana huda 'ya'yan koko da sabon tofo ya tsotse, reshe ya bushe. Na uku fari ne kamar an barbaɗa masa gari, shi ke yaɗa cutar kumburin reshe da aka gano a 1936. Wannan cuta na cikin abin da ya sa aka buɗe tashar binciken koko a Tafo a 1938, Tafo ta Jihar Gabas, ba ta nan Kumasi ba. Bishiyoyin da aka sare a ƙasar nan saboda ita sun haura miliyan 200.

Na baya-bayan nan ita ce tsutsar masara da ta fito daga nahiyar Amurka. An fara ganinta a Afirka ta Yamma a 2016, a daminar 2017 kuwa ta yi wa gonakin Gana ɓarna mai yawa. Mai tuƙa tuwon zafi a Zongo ba ta da gona, amma masarar da tsutsa ta ci ita za ta saya da tsada.

Masu binciken irin waɗannan abubuwa ba a nesa suke ba. Suna Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, suna kuma cibiyoyin binciken amfanin gona da na gandun daji a Fumesua, kan hanyar Ejisu. Sana'a ce da ake ci da ita, kuma mafarinta kama ƙwaro a dube shi da kyau.

Ilimin da ke cikin gida

Sau da yawa uba yakan ce, "Ni ban yi boko ba, me na sani?" Alhali Zongo kanta a kan goro ta kafu, kuma ba a fataucin goro sai da sanin ƙwaro. Kakanni sun yi ta zuwa Gwanja, suna sayen goron dazukan Asante a kasuwar Salaga. Bayan yaƙin Salaga na 1892, da kuma shigar Ingilishi Kumasi a 1896, da yawansu suka gangaro suka zauna kusa da tushen goron. Babban abokin gabarsu tun daga wancan zamani shi ne sankara.

A ce yaro ya sami kakansa a zaure ya kwance huhu yana zaɓe, yana jefa waɗansu goron gefe guda.

"Kaka, me ya sami waɗannan?"

"Zo nan, abokina. Ka ga wannan ɗan baƙin tabo? Sankara ce."

Tsoho ya sa farce ya ɓare goron. Ciki ya zama gari mai ruwan ƙasa, a tsakiyarsa ga wata farar tsutsa a lanƙwashe, ba ƙafa ko ɗaya. In aka sa irin wannan goro a kwalba aka ɗaure bakinta da ƙyalle, bayan 'yan makonni sai a ga ɗan ƙwaro mai duhu, mai dogon baki kamar na butar shayi. Da wannan baki uwarsa ta huda goron ta saka ƙwai. Tsohon ya san ba daga cikin goro cutar ke tsirowa haka kawai ba, shi ya sa yake kwance huhu a kai a kai yana fid da masu tabo kafin su shafi sauran. Darasin da ke littafin jikansa ke nan, shi dai da Hausa ya karanta shi.

Haka ma waken da ke farantin uwa. In aka duba ƙwayar da kyau za a ga waɗansu fararen ɗigo a manne da fatarta. Ƙwai ne. Tsutsa na ƙyanƙyashewa sai ta huda ta shige, ta ci ta ƙoshi, bayan mako uku zuwa huɗu ta fito a ƙwaro ta wata ƙofa zagayayya kamar an huda da ƙusa. Tsofaffi sukan cakuɗa wake da toka ko yashi su toshe masa hanya. Buhun nan mai ruɓi uku da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka yaɗa a Afirka ta Yamma tun 2007, iska yake hana shi har ya mutu, ba da ko ɗigon magani ba.

Ɗan Zongo yana da wata riba kuma: harshe uku. Ya tambayi sunan kowane ƙwaro da Hausa a gida, da Twi wurin maƙwabta, da Turanci a makaranta. Maƙwabcin da ke cin akokono, wato tsutsar kututturen kwakwar manja, zai gaya masa inda ake samunta, kamar yadda kakarsa ta san daren da shinge ke fita.

Wane ne ƙwaro?

A bakin Bahaushe duk ɗan abin da ke rarrafe ƙwaro ne. A ajin kimiyya ba haka ba ne, kuma a nan yara suka fi asarar maki. Wanda malami ke nufi yana da alamu uku: ƙafa shida, jiki kashi uku (kai da ƙirji da ciki), da waɗansu zare biyu a ka da yake shinshina da lalube da su. Yawancinsu suna da fukafukai in sun girma.

Saboda haka gizo-gizo da kunama da kaska ba sa ciki, ƙafarsu takwas. Shanshani da ƙadandoniya ƙafafunsu sun yi yawa, tana kuwa ba ta da ko ɗaya. A tatsuniya Gizo mijin Ƙoƙi ne, amma a kimiyya ko dangi ba su haɗa ba: Ƙoƙi mai ƙafa shida ta shiga akwati, Gizo, wanda Asantawa ke kira Ananse, ya tsaya a waje.

Masana sun raɗa wa ƙwari kusan iri miliyan ɗaya suna, fiye da rabin duk dabbobin da aka sani. Masu taurin baya irin su buzuzu da ƙwaron wake su kaɗai sun kusa iri 400,000. To, in malami ya ce iri goma, ba kyankyaso goma yake so ba. Gara a nemo daga gidaje dabam-dabam: fara ko gyare, malam-buɗe-littafi, faɗa-wuta, ƙuda, sauro, buzuzu, ƙoƙi-ƙoƙi, shinge, kyankyaso, zanzaro.

A ina, kuma yaushe?

Wani zai ce Zongo duk siminti ce da kwano, ina daji? Ba sai an je daji ba.

Fitila ce babban tarko. Daren da aka yi ruwa da yamma, a duba ƙwan lantarkin ƙofar masallaci ko na teburin mai shayi. Shinge da faɗa-wuta da ƙananan masu taurin baya za su taru kamar an yi musu gayya. A gida sai a rataya farin zane a igiyar shanya, a haska shi da fitila bayan isha'i, a jira rabin sa'a. Su da kansu za su zo su jeru a jiki.

Masu yawo a ƙasa kuma rami ake yi musu. A binne gwangwanin madara ko na tumatir a gindin bishiya, bakinsa daidai da ƙasa, a jefa ɗan ɓawon ayaba a ciki, a ɗora katako a kan duwatsu biyu don kada ruwa ya cika shi. Da asuba a duba. In an gama aikin a tone gwangwanin, kada ya zama matattarar sauro.

Malam-buɗe-littafi da hantsi yake fita, lokacin da rana ta ɗumama masa fukafukai. Ana samunsa a furannin bakin filin makaranta da inda ƙasa ke da laima. Waɗansu irinsu ba su damu da fure ba, ruɓaɓɓiyar ayaba ko mangwaro ko gwanda suke bi, don haka a ajiye musu a inuwa.

A ɗaga kai kuma a dubi kusurwar ɗaki. Ɗan gidan laka na zanzaro abin kallo ne. In aka fasa wanda ba a daɗe da rufewa ba, wani lokaci a tarar da tsutsotsi ko ƙananan gizo-gizo a jere. Uwar ce ta harbe su suka sandare ba su mutu ba, ta sa ƙwai, ta liƙe ƙofa, domin ɗanta ya tashi ya tarar da abinci bai ruɓe ba.

Kumasi tana da damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A waɗannan watanni ba a shan wahala. Da hunturu kuwa ƙwarin fitila sukan ragu, sai a ƙarfafa nema a rumbun abinci da lambunan da ake ban ruwa.

Kayan aiki

Raga ita ce ta farko. A lanƙwasa wayar rataya riga ta zama zobe, a ɗaure ta a sandar tsintsiya ko gora da robar taya. Tela ya ɗinka jaka da tsohon labule mai shara-shara, zurfinta ya ninka faɗin zoben, domin in an kaɗa aka juya hannu, jakar ta naɗe ta rufe bakin. Kada a yanka gidan sauro mai magani. Wannan na kwana ne, kuma maganin jikinsa ba na hannun yara ba ne.

Sauran su ne kwalabe masu murfi, auduga, fil na tela, kwalin takalmi, fensir da ɗan littafi, da farin soson nan mai tauri da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin. Masu sayar da kayan lantarki zubar da shi suke yi. In akwai waya mai kyamara, tana ƙara girman abu ta nuna gashin ƙafar ƙuda.

Waɗanda ba a taɓawa

A nan ne aikin babba ya fi nauyi. Yaro ƙarami ba ya fita kamu da dare shi kaɗai, ba ya sa hannu a rami, ba ya ɗaga dutse ko katako da yatsu. Da sanda ake juyawa, a ja da baya, saboda kunama da maciji. Takalmi mai rufe ƙafa wajibi ne.

Ba a shiga kwata ko bakin rafin Aboabo da na Subin. Ruwansu ƙazanta ce, kuma da damina sukan cika farat ɗaya ko da a wata unguwa aka yi ruwan.

Ƙudan zuma da rina da kwarkwasa, kallo daga nesa ya isa. Tsutsa mai gashi tana sa ƙaiƙayi da kumburi, da ganyenta ake ɗaukarta. Akwai kuma wani ɗan siriri da bai kai santimita ɗaya ba, jikinsa ja da baƙi, mai zuwa wurin fitila da damina. Ba ya cizo, ba ya harbi, amma in aka murƙushe shi a fata ruwan jikinsa yana tayar da ƙuraje kamar ƙunar wuta bayan kwana ɗaya ko biyu. Hure shi ake yi. In an riga an murje shi, a wanke wurin da sabulu nan take, kada hannun ya kai ido. Yaron da aka harba ya fara kumburin fuska ko numfashi da ƙyar, asibiti za a nufa da shi ba jira.

Tausayi, da kiwo a kwalba

Iyaye da dama sukan tambaya, "Wannan ba zalunci ba ne?" Tambaya ce mai kyau. Alƙur'ani yana da sura mai sunan ƙudan zuma da mai sunan tururuwa, kuma malamai suna hana kashe su ba gaira ba dalili. Saboda haka a bar waɗannan biyu, in ana son su a ɗauki hoto ko a zana. Sauran kuma ɗaya daga kowane iri ya wadatar, kuma wanda aka tsinta a mace a gindin fitila ko bakin taga ya rage aiki.

Wanda za a ajiye, a kashe shi ba azaba. Hanya mafi sauƙi ita ce a rufe shi a kwalba, a ƙulle ta a leda, a sa a firiza kwana biyu, nesa da abinci. In an ɗauke wuta a ƙara kwana guda, don wani yakan farfaɗo a kan fil. In babu firiza, a jiƙa auduga da ruwan goge jan farce a jefa a kwalbar a rufe. Babba ne zai yi wannan, a waje, nesa da murhu. Masu laushin jiki kamar tsutsa da gara ba sa bushewa da kyau, sai a sa su a ƙaramar kwalba da sifirit na kantin magani.

Amma darasi mafi daɗi a raye yake. A ɗauki tsutsa da reshen da aka same ta a kai, a sa a kwalba, a rufe da ƙyalle, a riƙa sabunta mata ganyen wannan bishiyar, don yawancinsu ba sa cin wani. Wata rana za ta daina ci, ta naɗe ta kwanta kamar ta mutu. Kada a zubar. Bayan mako ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, sai ta fito da fukafukai a jiƙe a yamutse, ta miƙe su a hankali. Yaro ya rubuta ranar kowane canji, ya zana, sa'an nan ya sake ta.

Sauro ma haka. A ɗebo ruwan tsohuwar taya ko kududdufi da cokali a zuba a kwalba a rufe da ƙyalle. Tsutsar sauron zazzaɓi kwanciya take yi miƙe a saman ruwa, ta sauron kwata kuwa rataye take kai ƙasa. Tun 1897 likita Ronald Ross ya ga ƙwayar zazzaɓin a cikin cikin sauro a Indiya, amma yaron da ya ga tsutsa ta zama sauro a kwalbarsa cikin kwana goma ko makamancin haka, shi ne zai kife gwangwanayen tsakar gida ba a sa shi ba. Wannan kwalba dai ba a buɗe ta a saki abin ciki. Firiza za ta shiga.

Kafewa da adanawa

A kafe ƙwaro tun bai bushe ba, in ya sandare ƙafafu karyewa suke yi. Wanda ya riga ya bushe, a rufe shi kwana ɗaya ko biyu a roba da jiƙaƙƙiyar takarda, ba tare da ya taɓa ruwan ba, zai yi laushi.

Fil ta ƙirji yake shiga, ba ta ciki ba. Ga fara da ƙuda, a ɗan karkata dama da tsakiya, domin ɓangare ɗaya ya tsira yadda yake. Ga masu taurin baya, ta saman fiffiken dama. Ga malam-buɗe-littafi, tsakiyar ƙirji daidai. A bar kashi ɗaya cikin uku na fil a sama, wurin kamawa. Ƙanana kamar ƙwaron wake ba sa ɗaukar fil, sai a yanka 'yar takarda mai tsini a manna su a bakinta da ɗigon gam, a soke takardar.

Malam-buɗe-littafi shi ke neman haƙuri. Launin fukafukansa ɗan gari ne mai bin yatsa, don haka ta ƙirji ake kama shi. A yanka kwari a jikin soso, jikinsa ya zauna a ciki, a buɗe fukafukan a kan soson, a danne su da siraran takardu, a soke takardun, ba fukafukan ba. A bar shi mako ɗaya zuwa biyu a inuwa mai iska.

Abokan gaba biyu ne a Kumasi: kiyashi da laima. Kiyashi suna iya cinye aikin mako uku a dare ɗaya, su bar fil tsaye. A ɗora kwalin a kan gwangwanin da ke tsaye cikin farantin ruwa, a riƙa canja ruwan. Don laima, a tara 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin sabon takalmi. Ƙwayar kafur guda a kusurwar kwali tana korar masu ci, amma a ƙulle ta a ƙyalle a soke, a ajiye kwalin sama. Yara kan ɗauke ta alewa, kuma likitoci suna gargaɗi cewa tana jawo wa jarirai shawara, don haka ba a ajiye ta a ɗakin mai jego.

'Yar takardar da ke ƙarƙashi

Kowane ƙwaro a soke masa 'yar takarda a fil ɗinsa, a rubuta da fensir, domin tawada tana zuba in ta ji laima ko sifirit. Abu huɗu ake rubutawa: wuri, rana da wata da shekara, abin da aka same shi a kai, da sunan wanda ya kama. Misali: Aboabo, Kumasi, 14 ga Mayu, a fitilar ƙofar masallaci bayan ruwan sama. A rubuta a ranar, kada a bari sai daren kai aiki, lokacin da yaro zai fara ƙage.

Sunan ƙwaron yana iya jira. In ba a sani ba, malami zai taimaka, ko a ɗora hotonsa a manhajar iNaturalist masana su faɗa. Amma inda aka kama shi da ranar, in mai kamun ya manta, ba wanda zai iya dawo da su. Gidan adana tarihin halittu na Landan yana da ƙwari fiye da miliyan 30, kuma waɗannan 'yan takardu ne ke gaya wa mai bincike abin da ke rayuwa a wani daji shekara ɗari da suka wuce, ko da dajin ya zama gari.

Aikin yaro ne

Kuskuren iyaye masu ƙauna shi ne su karɓe aikin. Uba ya ba almajirin shago kuɗi ya kamo, yaya ta kafe, ta rubuta da kyakkyawan hannunta, yaro ya ɗauka ya kai. Malami na yin tambaya ɗaya asiri ya tonu. Na babba shi ne rakiya, da riƙe fitila, da kula da wuta da sinadari, da yawan tambaya: "Ƙafa nawa ka gani? Me yake ci? Da me ya bambanta da na jiya?" Fiffike ɗaya ya yage ba komai, in dai hannun yaron ne ya kafe.

Kada kuma a ce wannan na maza ne. Maria Sibylla Merian, wadda aka haifa a Frankfurt ta Jamus a 1647, tana da shekara 13 ta fara kiwon tsutsar siliki tana zana kowane canji, a zamanin da mutane da yawa a Turai ke zaton daga laka ƙwari ke fitowa. A 1699 ta shiga jirgin ruwa da 'yarta zuwa Suriname don ganin na can, kuma har yau masana suna duba zane-zanenta.

Ziyarar Bobiri

Makarantar da ta gama wannan aiki, ko iyayen da suka haɗa kuɗin mota, suna da wurin zuwa kusa. Dajin Bobiri yana kan hanyar Akra, bayan an wuce Ejisu, a ratse a ƙauyen Kubease, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai daga Kumasi. Cibiyar binciken gandun daji ta Fumesua ke kula da wurin baƙi. An ƙirga malam-buɗe-littafi kusan iri 400 a cikinsa, daga cikin fiye da 900 da aka sani a Gana duka.

Daji ne da aka keɓe, saboda haka a bar raga da kwalba a gida. Littafi da fensir da waya da ruwan sha su ne guzuri, sai dogon wando da takalmi mai rufi. A zaɓi ranar da ba hadari, a isa da hantsi, a bi mai jagora, a rage surutu. Inda rana ta ratso ganye ta sauka a jiƙaƙƙiyar ƙasa, nan suke taruwa suna tsotsar gishiri. Yaron da ya iya tsayuwa cik, wani lokaci ɗaya yakan sauka a damtsensa ya sha gumi, har ya sami damar ƙirga ƙafafun da ganin dogon bakin nan da ke naɗewa kamar tabarma. Motar da ta bar Aboabo bayan karin kumallo tana iya dawo da su kafin kiran la'asar.